Azumin Shirwa

Gidan da na tashi a unguwar Hindawiyya ta Makka ɗaki biyu ne a saman bene, sai ɗan fili a kan rufi inda muke shanya. A nan Kaka, mahaifiyar Babana, take hura gawayi bayan magariba, ta soya gyaɗar da za ta sayar washegari. Ni da ƙanwata Hafsa mu tsuguna gefen kaskon wai muna taya ta, alhali satar gyaɗa ce ta kai mu. Hausarmu rabi Larabci ce, shi ya sa take kirana 'yar Makka mai harshe biyu, babu na kirki.

Ina shekara goma sha ɗaya aka kama Baba. Ya fita aikin gini a Utaibiyya, aka yi samamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, aka haɗa da shi. Muka ji an mayar da su Najeriya, daga nan shiru. Wata biyar babu wasiƙa, babu saƙon baki. Cikin 'ya'yan da Kaka ta haifa shi kaɗai ya rayu. Tun daga ranar ta kama azumin Litinin da Alhamis, ga tsufa ga zafin Makka. Ummi, mahaifiyarmu, ta yi faɗa har ta gaji ta sa mata ido.

Wata Alhamis, bayan Kaka ta sha ruwa da dabino uku, ta ce, "Ku matso, yau ga wata nan ta taho daga nesa."

Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Ta ce da ƙuruciyarta ta yi aikatau a wani gida a Jidda, tare da wata Ba'indiya mai suna Kamla da ke jinyar tsohuwar gidan. 'Yar addinin Hindu ce, don haka ko hanyar Makka ba ta taɓa takawa ba. Sau ɗaya a shekara takan ɗaura jan zare a wuya, ta yini ta kwana ko ruwa ba ta kurɓa ba. Wai a garinsu haka iyaye mata suke yi a wannan rana, don 'ya'yansu su yi tsawon rai. Ita nata ɗan yana can ƙasarsu, shekara huɗu ba ta sa shi a ido ba.

"Leɓenta har tsagewa ya yi," in ji Kaka. "Na kai mata ruwa, na ce ya ukti, sha mana, babu mai ganinki. Ta ce ai haka dila ma ta ce."

Daga nan labarin ya fito. Shirwa da dila ƙawaye ne, ɗaya a saman bishiya, ɗaya a ramin gindinta. Suka ga mata suna wannan azumi a bakin kogi, suka ce su ma za su yi. Da rana ta take, iska ta kawo warin mushe. Dila ta ce cikinta ke murɗa, ta zagaya bayan bishiya ta ci ta yi nak, ta goge baki, ta dawo tana nishin yunwa. Kaka ta kwaikwayi nishin har Hafsa ta ƙware da gyaɗa. Shirwa kuwa ta hangi komai daga sama, ta kama bakinta, ta daure har gari ya waye.

"Da suka mutu," Kaka ta ci gaba, "sai aka sake haifarsu mutane, ya da ƙanwa. Kowacce ta yi aure, ta haihu..."

A nan na katse ta. Makon nan malamarmu ta tahfiz ta yi mana darasin ƙiyama, ilimin yana cina kamar sabon takalmi.

"Haram, ya Kaka. Wanda ya mutu ba ya dawowa duniya. Wannan kalam ɗin kafirai ne, kuma ke da kika yini da azumi. Bukra, gobe-goben nan, sai na faɗa wa malama."

Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta dube ni, ta dubi wutar, ta ce, "Gaskiyarki, 'yar Makka. Astagfirullah."

Hafsa ta ce, "To 'ya'yan fa, ya suka yi?"

"Na manta," in ji ta. Gyaɗar ranar ƙonewa ta yi.

Bayan aikin hajjin shekarar Kaka ta rasu. Ba a yi wata biyu ba wani mai umara ya zo mana da kaset daga Kano, muka ji muryar Baba yana cewa lafiyarsa ƙalau, a gaida Inna, wato Kaka, a ce ta yafe masa. Sai da na girma Ummi ta gaya mini cewa washegarin ranar da na katse mata labarin Kaka ta tafi wurin limamin unguwa da sandarta, tana kuka, tana tambaya ko labarin da ta bayar ya ɓata mata azumi, ko zai sa a ƙi karɓar addu'arta a kan ɗanta. Ni na sa mata wannan tsoron, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Bara na nemi labarin a waya, na same shi. 'Ya'yan dila ba su rayu ba. Na shirwa bakwai ne, duk suka girma, har lokacin da aka fid da rai da su sai ga su sun dawo gida da ƙafarsu. Na ajiye wayar na yi kuka mai isata. Abin da na faɗa game da mutuwa gaskiya ne, kuma Kaka ta fi ni saninsa, don Allah take azuminta. Ba aƙida take koya mana ba. Tsohuwa ce da ta yi wata biyar ba ta ji ɗuriyar ɗanta ba, tana so ta faɗa da bakinta, ko da a tatsuniya, cewa ɗan mai azumi ya dawo gida. Saura kaɗan ta kai wurin na tare ta.