Dangwalin Ƴan Tsakin Hindu

Tsofaffin garin Attantane, in hira ta kai ga kaji, sai sun ambaci Hindu matar Illo. Bafillata ce, a bayan shanu aka haife ta, a bayansu ta girma, har shekarar da ciwon bushiya mai kashe shanu ya shigo ƙasar, gabanin zuwan Nasara. Kafin damina ta fita garkensu ya kwanta kaf. Ta ƙarshe da ta faɗi ita ce Wule, saniyar da uban Hindu ya ba ta tun tana yarinya.

Suka gangaro daga wajen Isawan, suka kafa bukka a gefen gari. Abin da suka zo da shi bai wuce ƙore ba, da ɗan tandu na soyayyen man Wule, da dangwali, doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera maruƙa a jikinta in iyayensu sun tafi kiwo. Illo ya daina magana, sai ya wuni a gindin gawo yana kallon hanya.

Wata tsohuwa Bahaushiya, Zara'u, ita ke kiran Hindu sussuka tana sallamarta da gero. Rannan ta miƙa mata kaza mai kwanci, da ƙwanta cikin ƙwarya.

"Ungo, ɗiyata. Kaza ta sayi akuya, akuya ta sayi karsana. Ki fara daga nan."

"Inna, ni ko taɓa kaza ban taɓa yi ba. Ta ina ake tatsar ta?"

"Ji mini ƴar Fulani. Ke dai ki ba ta dusa da ruwa."

Hindu ta riƙe maganar karsanar nan da gaske. Da aka ƙyanƙyashe, kowace safiya sai ta ɗaga ƴan tsakin ɗaya ɗaya, ta duba ido, ta buɗe baki, ta shinshina, yadda ta riƙa yi wa maruƙa lokacin ciwo. Tana kallonsu tana ganin hanyar komawa rugga.

Sai wata rana da hantsi, uwar ta ja su bayan bukka, shirwa ta sauko ta ɗauke ɗaya a kan idonta. Hindu ta zauna ta yi tunani irin na gidansu. Ai ba a barin ɗan maraƙi ya bi uwa daji. Uwa ta tafi kiwo, ɗa ya zauna a igiya. Washegari ta murza zaren kaba siriri, ta yi masa ƴan maɗaurai, ta kafa tsinke biyu a inuwar bukka, ta ɗaure kowane ɗan tsako ta ƙafa, a jere, gwanin kyau. Ta zuba musu ɓarzajjen gero. Kazar na ta kai mata sara, ta kore ta can bayan dangar Zara'u, ta tafi sussuka hankalinta kwance.

Rana ta yi tsaka, inuwa ta gusa ta bar su. Kazar ta dawo tana kiransu, su kuwa suna ta fizga za su shiga ƙarƙashin fiffikenta, zaren na cin ƙafa.

Da la'asar Zara'u ta rako ta da ƙwaryar gero. Tun daga nesa tsohuwar ta ajiye ƙwaryar.

"Ɗiyata, mi na ka gani?"

"Dangwali na yi musu, Inna, don shirwa."

Zara'u ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta tsinke zaren da haƙori. Fiye da rabi sun riga sun sandare. Sauran ta tara su a zanenta, ta ce Hindu ta matso.

"Ba baki za ki duba ba. Hura gashin ki ga fata. Miƙe ƙafar a hankali. Yanzu aje shi ƙasa, mu ga ko shina tsayawa."

Hindu ta hura, ta miƙe, ta ajiye. Na farko ya kife. Na biyu ƙafar tana lilo, zaren ya kai ga ƙashi. Haka ta bi su, tana ajiyewa suna faɗuwa. Guda ɗaya ce, wata baƙa, ta dafa ƙasa da ƙafa ɗaya ta tsaya tana tangaɗi.

"Wagga tana iya yi," in ji Zara'u. "Da da mai, da an shafa mata."

Hindu ta shiga bukka ta fito da tandun. Tun mutuwar Wule ba ta buɗe shi ba, ko a tuwon sallah. Ta lakato da ɗan yatsa ta shafa a ƙafar. Ƙanshin ya kai gindin gawo. Illo ya taso, ya tsaya a kansu, ya dubi tandun, ya dubi ɗan zaren da tsinkayensa biyu. Ya gane abin da matarsa ta yi, don shi ma da shi ne abin da zai yi ke nan. Ya tsuguna ya tara hannu biyu, ta sa masa ƴar baƙar a ciki. A nan Hindu ta yi kukan da ba ta yi wa shanun ba.

Sauran ba su kai kwana biyu ba. Baƙar ta rayu, gurguwa, man tandun ya ƙare a ƙafarta. Ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, ƴaƴanta suka sayi akuya, akuyar ta haihu. Karsana dai ba ta samu ba, don bayan ciwon nan saniya ta fi ƙarfin talaka, Illo kuma ya rasu bai sake kora garke ba.

Hindu ta tsufa a Attantane. Duk wadda ɗan tsakonta ya ji rauni, wurinta take kai shi, ta hura, ta miƙe ƙafar, ta ajiye ta gani. Amma ba ta ƙara ɗaure wata dabba ta ƙafa ba, har awakinta. Duk damina sai sun shiga waken mutane an kawo ƙara, ta bi gida gida tana ba da haƙuri. Dangwalin shanun kuwa yana rataye a bukkarta har gara ta cinye shi.