Ƙarƙashin Katakon Kawu

Kwana tara ke nan da dawowarmu, kuma ban rubuta komai a ranar ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Abin da na tabbatar zan faɗe shi yadda yake. Inda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Mun tashi da asuba daga Zango, ni da abokina mai walda, kowa a bayan kabu-kabunsa da kaya a cinya. A jakata akwai batir da wayoyi da moter, wato ɗan injin da ke juya taya. Shi kuma yana riƙe da mazaunin moter ɗin, farantin ƙarfe da ya yanka ya huda bisa zanen da na ba shi. Mirriya muka nufa, wajen kawuna.

Masu bin shafin nan sun san allon taya mai lantarki da na haɗa a shekarata ta ƙarshe a jami'a, irin wanda ake hawa a tsaye. Kawu kuwa ba su san shi ba. Ƙanen mahaifiyata ne, baduku. Shan inna ta taɓa ƙafafunsa tun yana yaro, kuma tun tasowata a kan katako mai taya huɗu nake ganinsa, yana tura ƙasa da hannu. Bara kafaɗunsa suka fara ciwo, har ya rage zuwa rumfarsa ta kasuwa saboda ɗan hawan da ke tsakani. Da sallah na ce masa zan sa wa katakon inji. Ni na faɗa da bakina, ba wanda ya roƙe ni.

A tasha mun sha koko da ƙosai muna jiran motar hiyas ta cika. Direba ya ɗaga jakata, ya ji nauyinta, ya ce ita ma fasinja ce. Mun daidaita a dala ashirin, in ban manta ba. Hanya lafiya lau, an gama girbi, dammunan gero jingine a bakin gonaki, kukoki tsaye a bayansu. A shinge wani jandarma ya leƙa jakar ya ga batir da wayoyi. Na shiga yi masa bayani da Faransanci tun daga tushe, har ya gaji ya ce wa direba ya tafi da ni.

A nan ya kamata in faɗi yadda na zaɓi kayan. Moter biyu nake da su, mai kaurin milimita hamsin da mai sittin da uku. Zaɓi tsakaninsu yana buƙatar sanin nauyin mai hawa da girman taya. Ban san ko ɗaya ba. Da wane baki zan tambayi ƙanen uwata kilo nawa ne shi? Ganin ƙarƙashin katakon kuma sai ya sauka ƙasa, ni kuwa ban taɓa ganinsa a ƙasa ba, ban kuma so in zama sanadi. Sai na ƙiyasta nauyin, na ƙara kilo ashirin don a zauna lafiya, na ɗauki babban. Mazaunin kuma na zana shi a kan sandar tayar allona, ƙarfe zagayayye, ina ganin ai duk ɗaya ne. A mota abokina ya sake tambayata, karo na biyu ke nan, ko na ga ƙarƙashin abin da idona. Na ce masa kusan haka.

Mun isa da hantsi, ranar kasuwa. Tukwane jere a bakin hanya, masu rake suna shigowa daga lambuna da amalanke. Kawu yana ƙofar zaurensa, sanye da rigarsa ta Juma'a, kuma ba shi kaɗai ba. Ashe ya gaya wa mutane. Dukawa abokan sana'arsa, da mai shayin unguwa, da maƙwabta, wajen mutum ashirin, ko da yake tsoro na iya ƙara mini yawansu.

"Injiniya, sannu da hanya. Yaya Hajiya?" in ji shi, yana nufin mahaifiyata. "Na gaya musu daga yau sai dai su biyo ni da gudu."

Wani dattijo ya ce, "In birki ya ƙi, Malam, ka gaida mana mutanen Gure."

Aka yi dariya, aka kawo mana fura. Da muka sha na matsa kusa da shi na ce, a hankali, sai an juya katakon. Ya dubi mutanen, ya dube ni, ya ce a kawo tabarma. Ya dafa ƙasa ya sauka, ya ja rigarsa ya rufe ƙafafunsa.

Muka juya katakon. Sandunan tayar na ice ne, masu kusurwa huɗu, kirya nake zato. Tayoyin kuwa boris ɗin babbar mota ne, zobban ƙarfe masu juyawa, da aka buga a bakin icen. Mazaunina mai zagayayyen baki ba shi da abin kamawa, kuma babu inda za a maƙala bel, robar da moter ke juya taya da ita, a jikin boris. Da muka gwada ɗora moter ɗin, cikinsa ya wuce tayoyin tsawo: in aka kife katakon, a kan moter zai zauna, tayoyin baya suna lilo a sama.

Tun a minti na farko na san ba zai yiwu ba. Abin da ya fi damuna har yau shi ne ban faɗa ba. Na sa abokina ya ɗaure da waya, muka cusa guntun fata, muka kwance, muka sake ɗaurewa. Fiye da awa ɗaya Kawu yana kan tabarma, yana jan mutane da hirar tsadar fata don su daina kallon hannuwana. Na ga wayoyin hannu biyu ko uku a sama, ana ɗaukar hoto.

Kiran azahar ne ya watsa taron. Da muka rage mu uku ya ce, "Ɗana, injin nan nawa ne ko na jan amalanke?" Na gaya masa gaskiya duka.

"Ka ji kunyar tambayata a ɗaki," in ji shi, "sai ka sauke ni a ƙofar gida." Da murmushi ya faɗa, kuma da ma faɗa ya yi mini. "To, tunda na riga na sauka, ɗauko ma'auninka."

Na auna komai, sau biyu. Nauyinsa ya san shi daga asibiti, kuma lissafina ya zarce da kusan kilo talatin. Ya ce gudun jaki mai kaya ya ishe shi, sannan kada katakon ya ƙara tsawo ko da yatsa ɗaya, don da hannu yake hawa. Abokina ya ce ƙaramin moter ne maganin abin, da sandar ƙarfe a baya, da tayar roba, mazaunin kuma a sama bayan wurin zama. Ina ganin yana da gaskiya, amma sai na gwada tukuna.

Mun dawo bayan la'asar da rake da takalman da Kawu ya ɗinka wa Hajiya. Ina shiga gida, kafin in buɗe baki, ta ce, "Na gani." Wata maƙwabciya ta nuna mata a waya.

Abin da na koyo kaɗan ne. Na ɗauka ladabi nake yi da na ƙi tambaya, alhali kaina na sauƙaƙa wa, shi kuma ya ɗauki nauyin a gaban jama'a. Ban sa masa ranar komawa ba, ban kuma ƙara yin alkawari ba.

Duk wanda yake wurin ya ga na yi kuskure a labarin nan, ya aiko mini in gyara. Masu hoton kuma ina roƙonku don Allah ku goge. In dole sai kun ajiye wani abu, ku yanke gefen tabarmar, ku bar inda nake durƙushe da wayar ɗauri a hannu.