Masarar da Na Gasa a Gonarmu

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na wajen Beri muka tare a Kontagora, gidan kawai muka bari, gonar ba mu sake ta ba. Ni da yayana muke hawa mashin da safe mu je mu yi aiki kamar ɓarayi a gonar ubanmu, kafin azahar mun juyo. Doka ɗaya ya kafa mini: ba a hura wuta a gona, domin hayaƙi ne ke gaya wa 'yan bindiga inda mutum yake.

Ni kuwa tun ina yaro ba a taɓa karya masarar fari a gidanmu ba a gasa ta nan take a bakin kunya ba. Wadda ta kwana a buhu ai ta zama abincin kaji. Ranar nan na ɓare ɗaya, na danna farce, ruwanta ya yi tsartuwa fari kamar nono. Yaya yana can ƙarshen gona yana cika buhu. Na ce a raina, wutar kirare guda nawa take? Ga ni da aure har da 'ya, amma kwaɗayi ya kayar da ni. Na ƙyasta ashana.

Yaya ya iso a guje ya fara tattake wutar, bai gama ba muka ji ƙarar mashina. 'Yan bindiga ne, su uku. Ba su tambayi komai ba. Na farkon ya sa gindin bindiga ya daki bakin Yaya, na ga haƙorinsa a ƙasa. Ni aka shure ni a ciki, aka taka mini wuya har na ci turɓaya. Suka tsinko ɗanyen kara suna zabga mana, in ya karye su tsinko wani.

Sai babbansu ya tsinci masarar da na fara gasawa ya gatsa.

"Wa ya gasa wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tashi ka ƙaro."

Na tashi na gyara garwashin. Na zaɓo masu laushi, na bari harshen wutar ya mutu, ina juya su da yatsu har suka yi ja ko'ina ba ƙuna. Kowacce na naɗe gindinta da ɓawonta don kada ta ƙona musu hannu, na miƙa a durƙushe. A wautata, in sun ji daɗi za su ƙyale mu. Ban taɓa gashi mai kyau irin na ranar ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Babban ya jefar da totuwa ya ce, "Wannan yana da hannu. Irinsa muka rasa a daji. Ku ɗaure shi."

Kafin igiya ta taɓa ni Yaya ya miƙe, jini har ƙirjin rigarsa, ya sheƙa mini marin da ya fi duk dukan da na sha zafi.

"Wannan sakaran? Ko ruwan zafi bai iya dafawa ba! Ni na haɗa wutar. Farfaɗiya ma gare shi, a hanya zai faɗi muku. Matsa can, shashasha!"

Ya fizge masarar da ke hannuna, ya tsuguna ya gasa ta da hannunsa cikin garwashi, ina jin ƙaurin fatarsa. Babban ya ci, ya yi dariya, ya nuna Yaya ya ce a ɗaure wannan ɗin a maimakona.

Suka sa shi tsakiyar mutum biyu a kan mashin, buhun a na baya. Wallahi har lokacin raina a ɓace yake da marin, kaina bai kawo komai ba. Da suka tayar ya waiwayo ya dube ni. Ni kuma na harare shi.

Damina huɗu ke nan ba mu ji ko labarinsa ba.