Ranar da Iya Ta Ƙi Cewa Ƙurunƙus

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta taɓa shiri da talabijin ba. Tun da Baba ya ɗauko ta daga ƙauye zuwa gidanmu na Nassarawa ta kama akwatin da laifi biyu: yana tatsuniya da rana, kuma ba ya rufewa. A wurinta, tatsuniyar da ba a ce mata ƙurunƙus ba ƙofa ce a buɗe, dodon ciki fitowa yake. Ko kicin ba ta shiga, wai gas ba wuta ba ce. Murhu ta kafa a gindin darbejiyar bayan gida, nan take dama kununta, nan muke taruwa bayan magariba.

Ni kuwa, ina ɗan shekara takwas, ba abin da nake jira kamar katun ɗin yammacin Alhamis. Jarumai uku ne masu tsaron wani birni. Turancinsu ya fi ƙarfinmu, ni da ƙanwata Hadiza, sai muka raɗa musu suna: Ƙato, Kunne, da Mai Fito wanda fitonsa ke tayar da guguwa. Abokin gabarsu wani dogo ne mara idanu, sai baki. Haske yake haɗiyewa. Muka sa masa Sha-Wuta.

Wata Alhamis Baba ya tafi Kaduna a sabuwar motarsa, ya ce kafin la'asar yana gida. A lokacin, kullum sai an ji labarin hatsari a hanyar nan. La'asar ta wuce. Mama sai ɗaga wayar falo take tana ajiyewa, wayar ta mutu. Mu muna gaban akwati. Sha-Wuta ya ɗaure jaruman, ya bi birnin layi-layi yana zuƙe fitilu, sannan ya juyo ya wangale mana baki. Ɗif, wutar gidanmu ta ɗauke.

Hadiza ta ƙwala ihu. Ban san lokacin da muka isa gindin darbejiya ba.

"Iya, ba a rufe ba! Ya fito!" in ji Hadiza.

"Ai na faɗa muku," in ji ta. "Kai kuma angona, ashe haka kake da tsoro? Zauna."

Na ce, "Iya, zai sha fitilar motar Baba?"

Baba ɗan farinta ne, kunyarsa take ji. Ba ta kama sunansa, ba ta tambayar inda ya je. Sai ta tura itace cikin murhu, ta karɓe jarumanmu ta sa su a tatsuniyarta.

Wai Sha-Wuta ya shiga wani ƙauye, ya haɗiye aci-balbal, ya haɗiye murhu, ya lashe wata. Ƙato ya kai naushi, duhu ya nausa. Kunne yana jin takun dodon amma ba ya ganinsa. Mai Fito ya yi fito, iskarsa ta kashe 'yar wutar da ta rage. Sai wata tsohuwa ta ɓoye garwashi ɗaya a kasko, domin akwai matafiyi a hanya, da shi zai gane gida. Dodon ya bi gida-gida yana shinshina, ya doso ƙofarta.

Nan ya kamata a ƙare. Amma duk sanda ya ɗaga labulen, sai Iya ta mayar da shi wani gidan. Ya shiga gidan maƙeri, ya shiga gidan mai ƙosai. Aka kira isha'i, ba ta tashi ba, abin da ban taɓa gani ba. Ganyen darbejiya ya motsa, na rantse numfashin dodon ne.

"Iya, don Allah ki rufe!"

"Da sauran mutum a waje," in ji ta.

Can sai hon. Hasken mota ya hau katanga, ya zagayo har gindin bishiyar. Ashe tirela ce ta faɗi ta tare hanya bayan Zariya. Iya ko waiwayawa ba ta yi ba. Cikin numfashi ɗaya tsohuwar cikin tatsuniyar ta jefa wa dodo garwashi a maƙogwaro, ya amayar da fitilun duniya. "Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri."

Baba ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Wuta take kallo ta ce, "An dawo? Kunun ya huce."

Na daɗe ina jin haushin Iya, ina ganin da gangan ta ja mana tsoro. Sai da ɗan farina ya fara tuƙi a hanyar nan na gane duk gidan ba wanda ya kai ta firgita a ranar, kuma ita kaɗai ce ba ta da ikon ta je bakin get ta tsaya. Yadda jaruman suka kuɓuta a mako na gaba, na manta. Amma har yau, in yaron yana hanya, jikokina sun sani: tatsuniyata ba ta ƙarewa sai an ji hon.