Mesar Alhaji

A cikin kwalin takalma ta shigo mana gida. Lokacin muna Paris, a wani ɗan ɗaki kusa da Barbès, a saman kantin da maigidana ke sayar da kayan fata na Damagaram. Ban daɗe da zuwa ƙasar ba, Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ya ajiye kwalin a kan gado ya ce in zo in gani. Na ɗauka tsaraba ce. Da ya ɗaga murfin sai na ga abu a naɗe, kaurinsa bai fi na muciya ba, yana ta fito da harshe.

Na yi salati na haye kujera.

"Mesa ce, ba ta da dafi," in ji Alhaji. "Wani Bature da ke sayen fata wurina zai bar ƙasar, ya rasa inda zai sa ta. Ɗan lokaci za ta yi."

Alhaji mutum ne marar yawan magana. A rumfar mahaifinsa ya tashi, cikin fatun macizai da na guza, kuma ya ce duk yawan waɗanda suka ratsa hannunsa bai taɓa zama ya kalli mai rai ba. Yanzu ya samu. In ya rufe kanti ya hau sama, kafin ya wanke hannu sai ya durƙusa gabanta yana mata magana ƙasa-ƙasa. "Ɗiyar nan" yake ce mata. Ban ƙara jin zancen Baturen ba.

Da aka ba mu gida a Rillieux-la-Pape, a bayan Lyon, na yi murna ƙwarai. Ɗaki biyu ne da salo, wato falo, a hawa na tara. Na sa rai a Paris za a bar ta. Ranar tashi sai ga ta cikin buhu a kan cinyarsa. Ƙaramin ɗakin ya zama nata. Ya sa aka ƙera mata akwatin gilashi mai tsawon gado, da fitilar ɗumama a sama, da kwanon ruwa wanda ya fi na wankina girma.

Kantin yana nan Paris. Ran Litinin Alhaji ya hau jirgin ƙasa, sai ƙarshen mako in gan shi. Shi ke ba ta abinci in ya dawo, ɓeraye da farko, daga baya zomaye, a daskare cikin firigo. Na roƙe shi har ya samo wani ƙaramin firigon daban, don na daina iya cin naman da ya kwana kusa da su. Sauran aikin kuwa nawa ne. In canja mata ruwa, in yayyafa wa akwatin ruwan ɗumi, in duba kada fitila ta mutu, don in sanyin ƙasar ya kama ta ba za ta tashi ba. Ba a buɗe taga. Gidan kullum a turare yake da wani wari kamar na jiƙaƙƙiyar tabarma, duk turaren wutar da na zo da shi daga gida ya ƙare a kansa.

Kuma an hana ajiye irinta a gidajen nan. Alhaji ya ja min kunne kada in buɗe wa mai gadin benen ƙofa, ko mai gyaran famfo, ko kowa. In aka ƙwanƙwasa sai in tsaya cik, ko da cokali a hannuna, har in ji takun mutumin ya yi nisa. Gwaggona da ke Montreuil ta aurar da 'yarta, ta kira ni a talho har ta gaji, ban je ba. Wa zan bar wa fitilar?

Mu Hausawan unguwar ba mu da yawa. Babbarmu wata Hajiya ce 'yar Tahoua, ita ke haɗa mata in an yi haihuwa ko rasuwa. Ita kam ban iya ƙin buɗe mata ba. Wata rana ta zo, muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na kawo mata dambu. Da ta tashi yin alwala sai ta kuskure ƙofa. Ta faɗa ɗakin mesar. Ta fito tana gyara lulluɓi, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"'Yata, tun yaushe abin nan ke gidan nan?"

"Hajiya, kiwo ne kawai. Sha'awa ce ta Alhaji."

"Uhm. Allah ya kyauta."

Ba ta koma kan dambun ba. Kafin wata ya ƙare magana ta zagaye Lyon ta kai Barbès, wai arzikin Alhaji ba na Allah da Annabi ba ne, maciji yake wa hidima. A wurin wani suna na kai tuwo, aka karɓa da godiya, da zan tafi na tarar da kwanona a rufe yadda na kawo shi. Na faɗa wa Alhaji ina kuka. Ya ce jahilci ne, in rabu da su. Shi yana da kanti da masallaci da abokan hira. Ni su kaɗai gare ni, kuma sun daina zuwa.

Mesar kuwa sai girma take. Ta fi Alhaji tsawo nesa ba kusa ba, tsakiyarta ta kai kaurin cinyata. Ba ta taɓa yi min komai ba, gaskiya ɗaya ce. Kwanciyarta take, idanunta a buɗe, ban san ko barci take ko kallona take ba. Da na samu ciki na ce masa, "Alhaji, in yaron ya zo fa?" Ya ce kafin nan zai san yadda za a yi. Cikin ya tsufa, bai san yadda za a yi ba.

Wata safiya cikin hunturu, yana Paris, ina madafa ina dama kunu sai na ji abu ya faɗi. Na buɗe ƙofa na leƙa. Ga ta nan a miƙe a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna, ta manne da bututun ɗumama gida, kanta dab da ƙofar madafa, jelarta can wajen ƙofar fita. Ta ture murfin akwatin. Na mayar da ƙofa na danne da bayana, sannan na jawo tebur na tokare.

Talho yana salo. Makulli yana salo. Madafar kuwa in na miƙa hannu biyu ina taɓa bango da bango. Na zauna kan buhun shinkafa ina jin ƙarar jikinta a kan ledar ƙasa, ta motsa ta yi shiru, ta motsa ta yi shiru. Na ce zan jira ta koma da kanta. In na nemi taimako asiri ya tonu, wataƙila a kore mu daga gidan, kuma ni ce sila. Fitsari ya matse ni na yi a bokiti. Azahar ta yi, na yi alwala a wurin wanke-wanke, na yi salla a zaune ba tare da na tabbatar da gabas ba. Na leƙa ta ƙasan ƙofa, inuwarta na nan.

Can sai ƙuguna ya fara ɗaurewa yana saki. Tsoron ya canja, ya koma kan abin da ke cikina. Na buɗe taga, sanyi ya mare ni. A hawan da ke ƙasa da namu akwai wata Balarabiyar Aljeriya da muke haɗuwa a matakala, ba mu taɓa wuce sallama ba. Tana kakkaɓe darduma. Na ƙwala mata kira.

"Madam! Madam!"

Ta ɗaga kai. Na nuna cikina, na nuna bayana, na karkaɗa hannu kamar tafiyar maciji, na buɗe hannuwa iyakar faɗinsu. Ta zaro ido ta ce wani abu da Larabci, dardumar ta kuɓuce mata ta faɗi ƙasa.

'Yan kwana-kwana ne suka zo. Na ji sun ɓalle ƙofar fita, na ji ihun mamaki, sai kuma dariya. Da suka ce in buɗe, na ga ƙarti uku riƙe da ita kamar masu ɗaukar gungume, ita ko a jikinta. Duk mutanen benen sun cika matakala. Balarabiyar ta kutsa ta rungume ni, ta yafa min mayafinta, ta bi ni har asibiti. Suka ce ba haihuwa ba ce, wahala ce da firgici, suka sallame ni na koma gida.

Washegari Alhaji ya iso. Ya tsallake ɓallalliyar ƙofar ya wuce ɗakin mesar kai tsaye. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce, "Sun ji mata ciwo?" Na kalle shi kawai. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ke fa, ya jikin?"

Ba a kore mu ba, an dai kira shi an yi masa kashedi. Mesar aka kai ta wani gidan dabbobi a bayan gari. Na haifi 'ya mace. Ran suna Balarabiyar ta dafa kuskus tukunya guda, Hajiya ta zo da mata biyu, suka zauna kusa da ƙofa, amma sun ci.

Alhaji ya riƙa zuwa ganin mesar ran Lahadi, bai taɓa cewa in raka shi ba. Wata Lahadi ya dawo da wuri. Ya ce an mayar da ita wani gari, mai gadin da ya tarar a bakin ƙofa sabo ne, bai san ko ina ne ba. Ya zauna a salo bai cire rigar sanyinsa ba. Na ji tausayinsa. Na miƙa masa yarinyar ya riƙe, na shiga zuba masa abinci.