Tsahara Ce Ta Zaɓa Mana Littafin Zuwa Yamai

Tsahara ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina kicin ina jiran ruwan shayi. Ɗanta Sani ne ya kira. Ya ce, "Inna Rabi, Allah Ya yi wa tsohuwa rasuwa bayan sallar asuba." Na ce masa to. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Sai da ruwan ya ƙone ƙurmus a buta na tuna da shi.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ina Yamai, ita tana Madarunfa. Kafin in samu mota an riga an kai ta makwancinta.

Tun ɗazu nake karanta saƙonni a gurup ɗin 'yan garinmu. "Allah sarki, mace mai haƙuri." Kowa haƙuri, haƙuri. Ni ba zan rubuta haka ba. Na san ranar da aka fara ɗora mata haƙurin nan, don ina wurin, kuma a ƙofar gidanmu aka yi.

Yawancinku kun san ta da soya kifi a bakin tasha. Ni na san ta tun tana ta ɗaya a ajinmu a lakwal, wato firamare. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Babanta Mamman masunci ne a tabki. Babana direba ne, yana da mota mai buɗaɗɗen baya, yana jigilar gyaɗa da mutane tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa.

Duk ranar dikte, wato shifta, sai ta ɗan karkato allonta wajena. Ranar da malaminmu, Mushe, ya kama mu ita ta sha bulala, kuma ba ta ce ni na roƙe ta ba.

A shekarun saba'in ne, bayan yunwar nan ta wuce, saura mana shekara ɗaya mu yi sartifika, jarrabawar fita firamare. Wani fasinja ya ba Baba labarin wani wuri a Yamai da ake kai yara. Ya ce akwai zaki da kura da dorina a keji, akwai lilo na ƙarfe, akwai dawakan katako masu juyawa da kiɗa. Baba ya dawo gida ya ce in an ba da hutu zai kai mu, ni da Inna da ƙannena biyu.

Sai dai bai taɓa wuce Ƙonni ba, kuma ba ya son ya yi tambaya a tasha a ce direba bai san hanya ba. Wani ya ce masa ana sayar da littafin tafiya a wani kanti a Maraɗi, har da taswira.

Baba bai yi boko ba. Ya kuma san karatuna a jikin na Tsahara yake jingine. Don haka mu biyu ya ɗauka zuwa kantin.

Littafi biyu mai kantin ya ajiye mana a kan tebur. Ɗaya babba ne, bangonsa na sheƙi, da hoton raƙumin dawa da Turawa a bakin ruwa. Ɗayan ƙarami, takardarsa ruwan ƙasa, ba hoto ko ɗaya sai taswira a ninke a baya.

Ni dai na rungume babban.

Tsahara ta tsaya tana buɗa wannan tana buɗa wancan, har mai kantin ya fara gyaran murya. Can ta ce, "Baba, wanga babban na masu zuwa kallonmu ne. Otal ne kawai a ciki da wurin harbin namun daji. Ƙaramin shi ya faɗi inda ake shan mai a hanya, da ranar da ake rufe gidan dabbobin, da ƙofar da ake shiga da yara."

Na fara kuka ni sai mai hoto. Baba ya yi dariya ya ce, "Ɗiyar Mamman ta fi ki kai, Rabi." Ya sayi ƙaramin. A gaban mai kantin ya miƙa mata shi ya ce, "Ke kika zaɓa, ke za ki riƙa karanta mini a hanya. Da ke za a tafi."

Na ga fuskarta a lokacin. Har yau ban manta ba.

Mako uku tana zaune a zaurenmu bayan la'asar, tana juya littafin nan zuwa Hausa a cikin wani tsohon kaye, littafin rubutu na makaranta. Inda za mu kwana. Inda hanya ta rabu biyu. Garin da ba a wuce shi sai an cika tanki. Innarta ta ɗinka mata riga, ta sa mata lalle. Babanta ya busar da kifi cikin kwando guda, guzurinmu duka.

Ranar tafiya, da hantsi, ta zo da ƙunshin kayanta a ka.

A gaban mota akwai wata yarinya da safa da takalmi, da wata mata mai kula da ita. Ɗiyar wani Alhaji ce na Maraɗi, wanda ke ba Baba lodin gyaɗa. Ya ji labarin tafiyar ya aiko da ita.

Baba yana ɗaure igiya, bai ɗago ba. Ya ce, "Tsahara, mota ta cika. Sai wani karon."

Motar ba ta cika ba. Ina zaune a baya kan katifa, na miƙe ƙafafuna duka biyu. Daga baya Inna ta faɗa mini gaskiya: matar nan ce ta ce ba za a haɗa ɗiyar Alhaji tafiya da mai warin kifi ba. A ranar Inna ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya harare ta.

Tsahara ta sauke ƙunshinta. Ta zaro littafin da kayen ta miƙo mini. Ta ɗauki kwandon kifin ta ɗora a motar da hannunta. Ta ce, "Ki duba shafi na uku. Ran Litinin a rufe yake."

Na karɓa. Ban ce komai ba.

Duk abin da ta rubuta haka muka tarar. Ba mu ɓata ko sau ɗaya ba. Ina karanta rubutunta da ƙarfi, Baba yana faɗa wa matar nan, "Kin ji ɗiyata, ita ta haɗa mana hanya." Ban gyara masa ba. Matar kuwa ta fi kowa cin kifin.

Na hau dokin katako. Na ga zaki. Ɗiyar Alhaji tana ganin kura ta fashe da kuka ta ce a maida ta gida.

Da muka dawo, Tsahara ta leƙo ta katanga ta ce, "Da gaske da kiɗa suke juyawa?" Na ce ai ba wani abu ba ne, ba ki yi asarar komai ba. Ta dube ni ta ce, "Kar ki rage mini. Faɗa mini yadda yake."

Na faɗa mata. Ta sa na maimaita sau uku.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa ko 'ya'yana ba. Shekara ta zagayo, mu biyu muka ci jarrabawa, ita a sama da ni. Kwalej a Maraɗi take, kuma yarinyar ƙauye sai tana da gidan da zai riƙe ta. Alhajin nan ya ce saboda abin da Baba ya yi wa ɗiyarsa, in zo in zauna a gidansa. Mushe ya zo har zaurenmu ya roƙi Baba ya nemi wuri biyu. Baba ya ce ba zai ɗora wa mutum nauyi ba.

Tsahara ta yi wata ɗaya a wurin wata dangin babanta, abin bai yiwu ba, ta dawo. Ta ɗauki kaskon suyar kifi.

Ni na zama malama, na yi ofis, na yi ritaya. Duk takardar da na samu, a kan wurin zaman nan da aka hana ta aka gina ta. Gidana a Yamai ko nisa babu da gidan dabbobin. 'Ya'yana da jikokina sun je har sun gundura.

Tun ranar da na fara koyarwa ta koma ce mini Madam. Na ce ta bari. Ta yi dariya, ba ta bari ba.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali, kullum sai ta aiko masa da romon kifi. Yana sha yana cewa Allah Ya yi wa ɗiyar Mamman albarka. Bai taɓa tayar da maganar motar nan ba, har ya koma ga Allah. Da Inna ta rasu, ita ta tsaya a kan murhu kwana uku. Duk shekara sai direba ya kawo mini busasshen kifi daga wurinta.

Ni kuma duk zuwana gida sai in ce, "Bana dai sai kin zo Yamai." Ta ce, "To, Madam." Ban taɓa aika mata mota ba. Kullum akwai dalili.

Ganinmu na ƙarshe wata huɗu ke nan. Na iske ta a tsakar gida, ƙafafunta sun kumbura, ta daina zuwa tasha. Jikarta Hadiza na gefe tana karatun faransanci, ta tuntuɓe a wata kalma. Tsahara ta gyara mata daga inda take, ko juyowa ba ta yi ba.

Ban san abin da ya kama ni ba, na ce, "Tsahara, maganar tafiyar nan."

Ta ce, "Wace?"

Na ce ta Yamai.

Ta ce, "Babanki na yafe mashi tun yana da rai, shi abincin gidansa yake karewa. Ke na jira ki ce wani abu. Ko da ba a ji ki ba."

Na ce ai yarinya nake a lokacin.

Ta ce, "Ni ma yarinya nake, Rabi."

Maimakon in ce ki yafe mini, sai na fara gyara mayafi.

Ita ce ma ta sauya magana. Ta ce Hadiza ta samu gurbin karatu a Yamai, amma ba su da kowa a can. Ba ta roƙe ni ba, ta dai faɗa ta dube ni. Ina da ɗaki biyu da ba kowa a ciki. Na ce mata bari in koma in yi shawara da yara, zan kira ki.

Ban kira ba.

Ɗazu na tambayi Sani, ya ce Hadiza tana gida, ita ta yi jinyar kakarta. Na ce masa in an yi sadakar bakwai ya kawo mini ita da kayanta, zan bi in ga ko gurbin yana nan. Kar wanda ya yaba mini a kan wannan. Wadda ya kamata ta ji ba ta ji ba, ta tafi da amsar da na ba ta.

Ban san ko ta yafe mini ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya.

Ya Allah, Ka jiƙan Tsahara ɗiyar Mamman. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk abin da aka hana ta a nan, Ka ba ta wanda ya fi shi a wurinKa. Ka yafe wa mahaifina. Ni ma Ka yafe mini.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah kar ku cika mini shafi da ba ni haƙuri. Ba ni nake buƙata ba. Ku karanta mata Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunanta in kun idar da salla yau.