Makonnin Annabi Yusuf a gidanmu na Zahir

Ibrananci na karanta a jami'a, a Riyad. Ba ni na zaɓe shi ba. Makina bai kai na shiga sashen Turanci ba, aka ce akwai gurbi a can, na karɓa. Baba bai hana ba. Ya ce harshe ai harshe ne, kuma akwai sahabin da ya koyi rubutun Yahudawa da umarnin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam.

Baba malamin Alƙur'ani ne. A wani ƙaramin masallaci a unguwar Tandabawi da ke Makka ya yi rayuwarsa yana biya wa yara, har muka tashi daga unguwar muka koma Zahir. Bayan rasuwar Mama ciwon suga ya cinye masa ido. Ina shekara ta biyu a digiri na biyu na dawo Makka na zauna da shi, ina rubuta risalata daga gida. Yayana, direban bas ɗin alhazai, yana bene na sama da matarsa da 'ya'yansa. Ni da Baba muna ƙasa.

Kullum da hantsi, bayan ya sha shayi, zan ɗauko mus'hafi in zauna gabansa, shi kuma ya yi tilawa da ka. In ya tsallake kalma in ɗan yi gyaran murya, ya koma. Ba ya yawan kuskure. Ina jin dai yana son a ce akwai mai riƙe masa.

Risalata a kan ƙissar Annabi Yusuf ce kamar yadda ta zo a Attaura. Yahudawa sun kasa Attaura kashi-kashi, kowace Asabar su karanta kashi ɗaya a wurin ibadarsu, har shekara ta zagayo su sauke su sake farawa. Ƙissar Yusuf tana cin makonni huɗu, a farkon sanyi. Ba karatun baki kawai suke yi ba, rerawa suke yi, kuma a littattafansu kowace kalma tana da wata 'yar alama a sama ko a ƙasa da ke nuna inda murya za ta hau da inda za a tsaya. Malamar da ke duba aikina ta ce ba zan gane yadda jimlolin suke rabuwa ba sai na ji da kunnena. Ta turo mini muryar wani tsoho, ta ce asalinsa mutumin Halab ne.

Wata rana bayan la'asar abin kunnena ya lalace, na kunna a fili, ƙasa-ƙasa, ƙofar ɗakina a buɗe. Ban yi minti biyar ba na ji sandar Baba a bakin ƙofa.

"Wane ne wannan, ya binti, 'yata?"

Na kashe da sauri. Na ce, "Aikin makaranta ne, Baba."

"Ban ce ki kashe ba. Sika yake yi. Amma ban gane kalma ko ɗaya ba."

Sika ɗaya ce daga cikin muryoyin da masu ƙira'a ke hawa a kai, Baba ya san su duka. Na faɗa masa gaskiya: Bayahude ne, Attaura yake karantawa. Na ɗauka zai juya ya tafi. Sai ya laluba kujera ya zauna, ya ce, "Mayar da shi farko."

Ya saurara kansa a sunkuye, yatsansa yana buga gwiwa. A wani wuri tsohon ya kama kalma ɗaya ya ja ta, muryarsa tana hawa tana sauka tana rawa, kamar ba zai sake ta ba. Baba ya ɗaga hannu.

"Me ya faru a nan?"

Na duba littafin. Na ce nan ne matar maigidan Yusuf ta neme shi, shi kuma ya ƙi. A kan kalmar ƙin ne suka ɗora wannan alama, wadda ba ta zo a Attaura duka ba sai a wurare kaɗan.

"Subhanallah," in ji Baba. "Sun san wurin da nauyi ke nan."

Daga ranar, duk mako sai ya tambaye ni ina aka kwana. Ina kunna masa, ina fassara masa da Hausa, in Hausar ta ƙare mini in cika da Larabci. Shi kuma yana kawo abin da Alƙur'ani ya faɗa, ya ce nan sun dace, nan sun kauce. In sun kauce ba ya mamaki, ya ce ai an gaya mana an yi wa littafin canje-canje. Ban taɓa jin daɗin karatuna kamar a waɗannan ranaku ba. Da can babu wanda ya taɓa tambayata me nake karantawa.

A mako na uku yayana ya sauko neman makullin mota, ya tarar da mu. A lokacin yaƙi ake yi a Gazza, talabijin ɗin sama ba a kashe shi, kullum gawarwakin yara. Ya tsaya ya saurara, sannan ya tambaye ni da Larabci wane yare ne wannan. Na gaya masa. Fuskarsa ta canza.

"A garin nan? A gidan nan? Ba ki ga abin da ake nunawa ba?"

"Na gani, Yaya. Ni ma ina kuka kamar kowa."

"Kina kuka, kina kunna wa tsoho makaho waƙarsu. In maƙwabta suka ji ta taga, me za mu ce?"

Baba ya ce, "Ni na ce ta kunna. Kuma ba waƙa ba ce, labarin ɗan Annabi Yaƙuba ne."

Yaya bai mayar wa Baba magana ba, bai saba ba. Ni ya kalla ya ce, "Shi ke nan. Ki yi karatunki, amma kada 'ya'yana su ji wannan." Ya fita. Kusan wata guda bai bar yaran sun sauko ba. Na ji haushinsa, amma ban iya cewa ba shi da hujja ko kaɗan ba. Ni kaina akwai ranakun da nake buɗe littafin bayan na ga labarai, in kasa duban haruffan, in rufe. Tsohon nan na Halab wataƙila ya daɗe da mutuwa, bai jefa wa kowa bam ba. Na san wannan. Saninsa bai hana ni rufe littafin ba.

Amma ba Yaya ne ya raba mu da zaman ba. Ni ce.

Babi na uku na risalata a kan yadda aka haɗa ƙissar ne. Masu bincike na Turai sun daɗe suna cewa ba hannu ɗaya ya rubuta ta ba. Sun lura cewa a wurin rijiya, wani lokaci babban wan ne ke neman ceton Yusuf, wani lokaci wani ɗan'uwan daban. Fataken da suka tafi da shi ma, a layi ɗaya wata ƙabila ce, a layi na gaba wata ce. Suka ce labari biyu ne na zamani daban-daban wani ya ɗinke, ga bakin ɗinkin nan ana gani. Wasu kuma suna musu, suna cewa salon mai ba da labari ne kawai. Na yi wa Baba wannan bayani da zumuɗi, don na zaci zai ji daɗi.

Ya ce, "Wa ya gaya musu? Daga wa suka ji?"

"Ba su ji daga kowa ba. Rubutun suke dubawa, su ga inda ya maimaita, inda ya saɓa."

"Ba isnadi ke nan."

"Babu."

Sannan ya ce, "Namu fa? Suna yi masa haka?"

Da na ce ban sani ba, da ya wuce. Na ce, "Wasunsu suna yi."

"Kin karanta?"

"Na karanta kaɗan, Baba. Dole ne a aikin. Ban yarda da su ba."

"To, tayyib," ya ce. Ya miƙe ya laluba sandarsa.

Washegari da hantsi na ɗauko mus'hafi na zauna. Ya ce yau in bar shi, zai yi shi kaɗai. Kashegari ma haka. A rana ta huɗu na ji matar Yaya ta sauko, na ji shi yana cewa ta riƙe masa. Ita ba ta da saurin ido, sai ya wuce aya biyu kafin ta gano inda yake. Ina kicin ina wanke kofuna, ina jin ya tsallake kalma, ina jiran ta tsayar da shi, ba ta tsayar ba. Na tsaya hannuna cikin ruwa, ban san ko in fita ba. Ban fita ba.

Baba bai taɓa yi mini faɗa ba. Ina ba shi magani, ina kai shi asibiti, yana sa mini albarka. Mako na huɗu, wanda a cikinsa Annabi Yaƙuba ya rasu aka mayar da gawarsa ƙasarsu, ni kaɗai na saurara, da sabon abin kunne. Na gama risalar a bazara. Malamata ta ce in rage babi na uku, in tausasa wasu jimloli, na yi. Aka ba ni sakamako mai kyau. Yaya ne ya kai ni tashar jirgi ranar da zan je kare aikin, ya saya mini ruwa.

Bayan Hajjin waccan shekarar, Yaya ya dawo daga aikin Arfa a gajiye, gidan ya yi tsit. Ina yanke wa Baba farce da rana, sai ya fara magana ba tare da na tambaya ba. Ya ce mahaifinsa da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ta Sudan, da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, kuma da riwayar Warshu yake karatu kamar kowa a can. Shi Baba yana saurayi ya shiga halƙar karatu a Harami, inda ake karatu da Hafsu, abokai suka yi masa dariya, suka ce babansa bai iya karatu ba. Ya ce ya yi shekara guda yana bin mahaifinsa sallah zuciyarsa tana raya masa abubuwa, kafin wani malami ya zaunar da shi ya nuna masa cewa duka biyun ingantattu ne, kowace da mazajen da suka ruwaito ta.

"Waccan shekarar ban gaya wa kowa ba," ya ce. "Na ga yadda ƙaramin abu ke shiga zuciya. Ni na samu mai fitar da ni. Ke ban san abin da kika karanta ba, kuma ba ni da idon da zan duba miki."

Na ce, "Baba, wallahi imanina yana nan."

"Na ji," ya ce. "Allah ya tabbatar da mu." Ya miƙo mini ɗaya hannun.

Yanzu ina koyar da Ibrananci ga 'yan shekarar farko, haruffa da gaisuwa da ƙidaya. Baba yana nan da ransa, ya ƙara tsufa. Har yau nakan tambayi kaina ko da ya fi kyau in yi masa ƙarya ranar da ya tambaye ni a kan namu, kuma amsar da nake ba kaina tana canzawa.